Yaranmu da makullin mota: kowa ya kawo abin da ya gani

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa akan yaran nan da ake ba mota tun basu kai ba. Babban ɗana shekararsa 17, ya gama sakandare yana zaman jiran admishan, kullum maganarsa a bashi makulli ya kai ƙannensa islamiyya, babansa kuma cewa yake ai ya iya tunda yana fito da motar daga gareji ya juya ta a ƙofar gida. Doka dai sai 18 ake ba mutum lasin a Najeriya amma a unguwarmu ba mai bi ta kan wannan. Ni hankalina ya ƙi kwanciya.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda tukuna. Ni a yaron mota na fara, layin Kano zuwa Zariya, kuma na daɗe ina wanke mota ina duba mai da ruwa da iskar taya kafin maigidana ya bar ni na riƙe sitiyari. Lokacin ina ganin mugunta ce, ashe karatu yake min ina zaune gefensa, yana tafiya yana magana, kaga bas ɗin can da ta tsaya, rage wuta wani zai iya ɓullowa ta gabanta, kaga ƙwallo ta faɗo titi to akwai yaro a bayanta, kar ka kuskura kayi obatekin a kwana ko kan tudu, in baka hango madubin mai tirela to shi ma baya ganinka. Kuloci da giya yaro mai kai zai iya su cikin sati, yanzu ma ga otomatik ba wahalar komai, amma wannan karatun titin shi ne tuƙin, kuma ba a ƙofar gida ake samunsa ba. Na ga yara da hannunsu ya faɗa sosai amma da akuya ta gitta sai su fizge sitiyari gaba ɗaya.

Anti Nas:
Ni a ɓangaren haɗari nake aiki a wani asibiti, wallahi ranar sallah da ranakun biki gabana faɗuwa yake. Kai amarya ne ko an tashi daga ɗaurin aure, yara su cika mota har da masu zama kan taga, ana wasan mota ana ɗaukar bidiyo, kafin isha an fara kawo mana su. Abin da na lura, direban wani lokaci yakan tsira da sauƙi in ya ɗaura bel, na baya ne da basu ɗaura komai ba motar ke watsowa waje, karayar cinya, buguwar kai, wasu sai an tura su asibitin ƙashi na Dala. Akwai yaron da bazan manta ba, ko gemu bai fito masa ba, shi ƙwarzane kawai ya samu amma abokinsa da ke gefensa bai kai safe ba, yana zaune a ƙasa a baranda yana tambayarmu ko ya farfaɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya tace haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, ni kam ban yi mamaki ba. Iyaye suna zuwa suna cewa ƙaddara, eh ƙaddara gaskiya ce, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Baban Abba:
Ni fa ina da ɗan bambanci. Nawa tun yana 15 na fara koya masa a filin ƙwallo da asuba, dalili kuwa mahaifiyata na gidan ba lafiya ni kuma ɗan tafiye-tafiye ne. Gara ni na koya masa da ya sace makulli abokai su koya masa. Amma titi ban sake shi ba sai da ya cika 18 ya yi lasin.

Tsohon Direba:
To ai Alhaji ba mu saɓa ba. Fili daban, Zoo Road da yamma daban.

Ɗan Jami'a:
Bari na yi magana a matsayin wanda bai daɗe da wuce wannan shekarun ba. Ni babana makarantar koyon tuƙi ya kai ni, irin wadda Road Safety suka amince da ita, na yi takardar lana ta ɗan koyo na manna L ja gaba da baya, sannan na je gwajin VIO, wato jami'an duba motoci masu gwada direba. Abokaina dariya suka dinga min don su wani ɗan tsakani suka ba kuɗi lasin ya fito ba wanda ya gwada su. A can na fara sanin cewa cikin gari kilomita 50 a awa ne iyakar gudu, babbar hanya mai tagwaye 100 ga ƙaramar mota, da waye ke da hannu a shataletale, da tazarar da zaka bari tsakaninka da na gaba musamman in an yi ruwa. Amma Mama gaskiyar da zan faɗa miki, babbar matsalar ba rashin iyawa bace, abokai ne. In ni kaɗai ne lafiya lau nake tafiya, da mutum uku sun shigo an ƙure waƙa sai kaji ana taka mana malam, kai tsoho ne, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar allon gudu zai sa a status. Ƙin biye musu yana da wuya sosai a wannan shekarun. Sharaɗin babana a shekarar farko, ba tuƙin dare, ba ɗaukar abokai, waya a aljihu, kuma ya taimake ni don ina da abin fakewa in sun matsa.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar sai ka shiga oto ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ka ci kodi, jarrabawar dokokin hanya, sannan a gwada ka da mota kafin farmi, wato lasin, ya fito. Amma ni abin da ya fi damuna babur ne, ana ta zancen mota alhali yaro ɗan 13 an sai mishi babur yana goyon ƙanne biyu zuwa lakwal, wato makaranta, ba hular kwano. Ɗan maƙwabcinmu haka ya shiga ƙarƙashin motar yashi, ya rayu amma ƙafar ba ta dawo daidai ba.

Anti Nas:
Wannan haka yake, masu babur sun fi yawa a gadajenmu kuma kai ne ke fara dukan ƙasa. Sannan dan Allah ku sa wa yaranku lambar 122 a waya, ta gaggawa ce ta Road Safety, ku kuma gaya musu in an yi haɗari kar a finciko wanda ya ji ciwo a wuya ko baya a naɗe shi cikin adaidaita, sai in wuta ake tsoro. Da yawa a wajen ɗaukar nan lakar ke ƙarasa lalacewa.