Kujerar jamsit: haƙƙin matuƙi ce ko alfarma?

Ɗalibin Tuƙi:
Assalamu alaikum. An ce a Amurka matuƙi kan shiga jirgin kamfanin da ba nasa ba, ya zauna a 'yar kujerar nan da ake naɗewa a bayan matuƙa biyu, wato jamsit, ba tare da tikiti ba. Haƙƙinsa ne ko alfarma? Kuma da me ake tantance shi?

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Alfarma ce, ɗan'uwa, kuma hawa biyu gare ta. Na farko, sai akwai yarjejeniyar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin kamfanonin biyu: ku ɗauki namu, mu ɗauki naku. Matuƙa da yawa a can ba a garin da suke kama aiki suke zaune ba, da wannan kujera suke zuwa aiki, shi ya sa ƙungiyar matuƙa ta ALPA ke da kwamiti musamman a kanta.

Hawa na biyu shi ne kyaftin. Dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, sashe na 121.547, ta ce sai da izininsa matuƙin wani kamfani ke shiga ɗakin tuƙi. Ko an ba ka takarda a ƙofar hawa jirgi, in ya ce a'a, magana ta ƙare.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an rufe wa matuƙan wasu kamfanoni ɗakin tuƙi, sai da aka kafa CASS, tsarin tantance matuƙa ta kwamfuta, aka sake buɗewa. Jami'in ƙofa zai sa lambar aikinka a kwamfuta, ta tambayi rumbun bayanan kamfaninka, ta fito da hotonka da tabbacin kana bakin aiki. Daga nan ka je ka gaida kyaftin, ka nuna katin aiki, lasisin tuƙi da takardar shaidar lafiya, ka roƙi izini. Roƙo, ba sanarwa ba. Ko kujerar fasinja aka ba ka a baya, wannan gaisuwa ba ta faɗuwa.

Mai Tsara Tafiya:
Ranka ya daɗe ya gama da tushe, bari in ƙara inda ake yawan samun cikas. Sufeton FAA da ya zo duba aiki yana gaba da kowa, sai mai jarraba matuƙa na kamfanin, sai matuƙansu, sannan baƙo, wato matuƙin wani kamfani. Tsakanin baƙi galibi wanda ya riga yin rajista ne ke samu.

Kujera na iya zama babu kowa amma a hana ka. In abin shaƙar oksijin ɗinta ko ɗamararta ta lalace, an rubuta a littafin gyara, ba mai zama. A ƙananan jirage kuma nauyi kan yi yawa, musamman in an ƙara mai saboda yanayi, baƙo ake fara saukewa. Wani lokacin CASS ce ke ƙin amsawa, sai dai kujerar baya in akwai. Ka kuma karanta yarjejeniyar: wata ta ƙayyade baƙi daidai da yawan jamsit na jirgin, wata ta bari a ɗauka gwargwadon kujerun da suka rage. Jiragen kaya irin FedEx da UPS sai ka yi rajista tun da wuri.

Ɗalibin Tuƙi:
Na gode. To in tafiyar ƙetare ce fa?

Tsohon Kyaftin:
Nan abin ya bambanta. Galibi baƙo ba ya zama ɗakin tuƙi a tafiyar ƙasa da ƙasa, kujerar fasinja ake ba shi, ya riƙe fasfo da biza, ya biya harajin filin jirgi. A Turai babu CASS, ƙa'idar kamfani da izinin kyaftin ne, ma'aikata sun fi dogaro da tikitin rangwame na ZED.

Abin da sababbi suka fi mantawa: wanda ya zauna a jamsit ma'aikaci ne, ba fasinja ba. Ba giya, ko da a baya ya zauna. In jirgi yana ƙasa da tsayin ƙafa 10,000 ba hira, sai abin da ya shafi tsaron jirgin. Ya sa na'urar sauraro a kunne, ya san inda oksijin da hanyar fita suke, ya buɗe ido. In ya hango jirgi ko ya ji an yi kuskure wajen maimaita umarnin masu kula da zirga-zirga, ya faɗa nan take. Wanda kuma ya yi amfani da kujerar don kasuwancinsa, ko ya yi wa jami'in ƙofa rashin kunya, ƙara kan kai ga kwamitin kamfaninsa, a dakatar da shi, wani lokacin ma ya jawo wa abokan aikinsa duka asarar yarjejeniyar.