Ƙudirin ware ranar 'yancin ɗan ƙasa a jihohin Amurka: yaya ake gane na gaske da na jeka-na-yi-ka?

Ɗalibin Ilimi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Tambayata a kan wani irin ƙudirin doka ce da ake yawan kai wa majalisun dokokin jihohi a Amurka, wato na ware rana guda a kowace shekara don tunawa da 'yancin ɗan ƙasa da kundin tsarin mulki. Wadda aka fi sani ita ce ta Kalifoniya, 30 ga Janairu, mai ɗauke da sunan Fred Korematsu, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya ƙalubalanci tsare mutanensa a kotu lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sai a ji an ce jiha kaza ta amince da ranar, amma shekara ta zagayo ba a sake jin ɗuriyarta ba, alhali wata jihar tana yi duk shekara. Kuma ko a inda ake yi, ba a rufe ofis, ba a tashi makaranta. To me dokar take yi ke nan? Wace hanya ƙudirin yake bi, a ina ya fi maƙalewa, kuma wane layi mutum zai duba a daftarin ya san ko da gaske ake? Allah ya ƙara wa malamai sani.

Baba Akawu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ruɗanin ya samo asali ne daga takardu uku da 'yan jarida ke haɗawa su kira da suna ɗaya.

Akwai shelar gwamna. Gwamna ne kaɗai ke sa mata hannu, galibi ta shekara ɗaya ce, kuma wanda ya gaje shi ba dole ne ya maimaita ba. Akwai matsayar majalisa, wadda zaure ɗaya ko zaurukan biyu ke zartarwa. A yawancin jihohi ba ta zuwa teburin gwamna, ba ta shiga kundin dokoki, bayyana ra'ayi ce kawai. Sai doka sosai, wadda ke ƙara sashe a kundin dokokin jiha, ta zauna har sai wata dokar ta zo ta soke ta. Idan ka ji an yi rana sau ɗaya an yi shiru, bincika, za ka tarar ɗaya daga cikin biyun farko ce. Arizona ta nuna haɗarin dogara da biron gwamna: Gwamna Bruce Babbitt ya ayyana hutun tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, da umarninsa a 1986, Evan Mecham na hawa kujera a Janairun 1987 ya soke, da hujjar cewa gwamna ba shi da ikon ƙirƙirar hutu shi kaɗai. Sai a 1992 masu zaɓe suka tabbatar da shi da ƙuri'a, bayan jihar ta yi asarar karɓar baƙuncin Super Bowl na 1993, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka.

Hanyar doka kuwa, bari mu ɗauki Kalifoniya tunda ita ka ambata. Ɗan majalisa ne ke gabatarwa, ofishin lauyoyin majalisa ya tsara lafazin. A ƙa'ida ba a sauraren ƙudiri sai ya kwana 30 da gabatarwa. Daga nan sai kwamiti, galibi na ilimi idan an ambaci makarantu, kuma a nan ake jin ra'ayin jama'a. In akwai ƙanshin kashe kuɗi sai a tura shi kwamitin kasafi. Bayan karatu na uku a kaɗa ƙuri'a: ana buƙatar 41 cikin 80 a ƙaramin zaure, 21 cikin 40 a zauren dattawa. Idan zaure na biyu ya yi masa kwaskwarima ko ta kalma ɗaya, dole ya koma na farko su amince. Gwamna na da kwana 12 ya sa hannu ko ya hau kujerar na-ƙi, amma a ƙarshen zangon majalisa yana samun kwana 30. In ya yi shiru har wa'adin ya wuce, ƙudirin ya zama doka. In ya ƙi, sai da kashi biyu bisa uku na kowane zaure za a danne shi, kuma wannan ba kasafai ake gani a can ba.

Inda ya fi mutuwa shi ne kwamitin kasafi, ba zaure ba. Da wuya ɗan majalisa ya tashi a gaban kyamara ya ce ba ya son 'yancin ɗan ƙasa. Amma a kwamitin kasafi ana iya jingine ƙudiri a jerin masu jiran duba kuɗi, wa'adi ya wuce, ya mutu ba tare da sunan kowa ya fito ba. Shi ya sa masu rubutawa ke kauce wa kalmar hutu. Ranar hutu na nufin biyan albashin dukkan ma'aikatan jiha ba su yi aiki ba, da ƙarin kuɗi ga waɗanda ba a rufe wurin aikinsu, kamar gidajen yari da asibitoci da 'yan sandan manyan hanyoyi, ga kuma sake zama da ƙungiyoyin ƙwadago. Makarantu ma suna da adadin kwanakin karatu da doka ta gindaya, 180 a Kalifoniya, don haka ranar da aka cire sai an rama ta.

Layin da za ka duba, aikatau ne. Shin an ce makarantu "dole su yi" ko "ana ƙarfafa musu gwiwa su yi"? A Kalifoniya tsarin mulkin jihar ya ce idan jiha ta ɗora wa ƙananan hukumomi ko gundumomin makarantu sabon aiki na dole, ita za ta biya kuɗinsa. Saboda haka dokar Korematsu, mai lamba AB 1775, wadda 'yan majalisa Warren Furutani da Marty Block suka gabatar, ta ɗora dole a kan mutum ɗaya tak, gwamna, ya yi shela duk shekara. Makarantu kuwa ƙarfafa musu gwiwa ta yi. Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa mata hannu a Satumban 2010, ta fara aiki 1 ga Janairun 2011, aka yi bikin farko a ƙarshen watan. Lura da wannan lissafin: wanda ke son rana a Janairu, sai ya gama aikin majalisa tun bara.

Malama 'Yar Shari'a ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka zayyana hanyar sarai. Ni wurin da nake so Ɗalibin Ilimi ya zuba wa ido shi ne gabatarwar ƙudirin, inda majalisa ke jero dalilanta kafin ta shiga umarni. Mutane na tsallake ta don ba ta hukunta kowa, amma daga ita malaman makaranta ke ɗibar abin da za su faɗa wa yara, kuma kuskuren da ya shiga nan ya samu hatimin gwamnati.

Ga tarihin yadda yake. An haifi Korematsu a Oakland ranar 30 ga Janairun 1919, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ranar 19 ga Fabrairun 1942, ana cikin yaƙi tsakanin Amurka da Japan, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, wanda ya ba sojoji ikon fitar da duk wanda suka ga dama daga yankunan da suka ware. Da shi aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanoni, kusan kashi biyu bisa uku ɗinsu 'yan ƙasa ne. Korematsu yana da shekara 23, mai aikin walda, ya ƙi miƙa kansa. Aka kama shi a San Leandro ranar 30 ga Mayun 1942, kotu ta same shi da laifi, aka kai shi Tanforan, wanda filin sukuwar dawaki ne da aka mayar wurin tsare mutane, daga baya Topaz a jihar Yuta. Ranar 18 ga Disamban 1944 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, alƙalai 6 da 3. Hugo Black ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Owen Roberts da Frank Murphy da Robert Jackson suka ƙi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta cewa Kotun Ƙoli ta janye hukuncinta a 1983. Ba haka aka yi ba. Wani masani, Peter Irons, ya gano takardu da suka nuna lauyoyin gwamnati sun ɓoye wa kotu rahotannin sashen leƙen asirin sojan ruwa da na hukumar bincike ta tarayya FBI da na hukumar sadarwa, waɗanda suka ƙaryata zargin cewa mutanen na yi wa Japan leƙen asiri ko aika wa jiragen ruwa sigina. Da wannan lauyoyi ƙarƙashin Dale Minami suka koma kotun tarayya ta San Faransisko, kuma ranar 10 ga Nuwamban 1983 mai shari'a Marilyn Hall Patel ta soke laifin da aka ɗora wa Korematsu. Laifinsa ne aka wanke, hukuncin 1944 kuwa ya ci gaba da zama a littafi, domin ƙaramar kotu ba ta da hurumin taɓa shi. Sai a 2018, a shari'ar Trump da Hawai, Babban Alƙali John Roberts ya rubuta cewa hukuncin babban kuskure ne tun ranar da aka yanke shi. A tsakani, Ronald Reagan ya sa hannu a dokar 1988 da ta nemi gafara ta kuma biya kowane wanda ke raye dala 20,000, Bill Clinton ya ba Korematsu lambar yabo ta 'yanci a 1998, ya rasu a 2005.

Me ya sa na dage a kan wannan? Domin darasin ranar yana cikin wannan tazarar ne. Idan aka ce wa yara kotu ta yi kuskure ta gyara, an koya musu su kwanta su jira. Gaskiyar ita ce shugaban ƙasa da majalisa da Kotun Ƙoli duk sun tsaya a gefe ɗaya, kuma shekara kusan 40 aka yi kafin a wanke mutum guda. Roosevelt ɗin nan shi ne ya yi shelar ranar tunawa da gyare-gyare goma na farko na tsarin mulki, 15 ga Disamban 1941, wata biyu kacal kafin umarnin 9066.

Mai Jan Biro ya amsa:

Ranki ya daɗe, Malama, batun Roosevelt da kika kawo shi ne ma hujjata: shelar rana ba ta taɓa hana gwamnati aikata abin da ta yi niyya ba. Ban ce kada a yi ba, amma ina da ja a kan abu biyu.

Na farko, sa sunan mutum. Suna na jawo ƙuri'ar masoya, yana kuma buɗe ƙofar jayayya a kan rayuwar mai sunan. A 2008 Schwarzenegger ya ƙi sa hannu a ƙudirin ranar Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Faransisko mai fafutukar haƙƙin masu neman jinsi ɗaya da aka kashe, yana cewa a bar karramawar a matakin gari. Sai da aka sake kawowa a 2009 ya amince da 22 ga Mayu. Kuma Korematsu ba shi kaɗai ya je kotu ba. Akwai Gordon Hirabayashi da Minoru Yasui, akwai Mitsuye Endo wadda ita ta ma yi nasara, a rana ɗaya da Korematsu ya faɗi. Hawai a 2013 ta riƙe 30 ga Janairu amma ta kira ta ranar 'yancin ɗan ƙasa da tsarin mulki, ba sunan kowa a taken. Oregon kuwa a 2016 ta zaɓi nata ɗan, Yasui, ta ware 28 ga Maris, ranar da ya fita titin Portland da daddare a 1942 da gangan don ya karya dokar hana fita a kama shi ya kai ƙara. Ni hanyar Oregon ta fi kwanta mini: kowace jiha ta duba tarihin ƙofar gidanta.

Na biyu, kalanda. Ranar da aka ɗaure da kwanan wata tana faɗawa Asabar ko Lahadi lokaci-lokaci. Bikin farko ma na 2011 Lahadi ne. Idan makarantu ake nufi, daftarin ya kamata ya ce in ta faɗo ƙarshen mako a yi a ranar karatu mafi kusa. Sannan a duba cunkoso: ranar King na Litinin ta uku a Janairu, Fabrairu watan tarihin baƙaƙen fata ne, 19 ga Fabrairu kuma 'yan asalin Japan na nasu taron tunawa. Malamin da aka ce wa yana iya yi, ba a miƙa masa ko takarda ɗaya ba, zai ci gaba da manhajarsa ne.

Ɗalibin Ilimi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai. To Baba, in "dole" na kashe ƙudiri a kwamitin kasafi, "ƙarfafa gwiwa" kuma ba ya motsa kowa, ina mafita?

Baba Akawu ya amsa:

A ɗora dolen a kan hukumar jiha, ba a kan makarantu ba. A rubuta cewa ma'aikatar ilimi ta jiha za ta tanadi darasi na aji ɗaya ga firamare da ɗaya ga sakandare, ta sa a shafinta na intanet, ta aika wa gundumomi sanarwa kafin wani kwanan wata da aka ambata, a ce 1 ga Disamba. A ƙara da cewa za ta yi hakan daga cikin kasafin da take da shi, kuma tana iya karɓar kayan koyarwa daga jami'o'i da gidajen tarihi da ƙungiyoyi irin cibiyar Korematsu da 'yarsa Karen ta kafa. Da haka mai ƙiyasin kuɗi na kwamiti zai iya rubuta cewa nauyin kaɗan ne, ma'aikata za ta iya shanyewa, kuma batun biyan gundumomi bai taso ba tunda ba a tilasta musu komai ba.

Gwamnatin tarayya na da wata dabarar da jiha za ta iya kwaikwaya. Dokar 2004 da Sanata Robert Byrd ya shigar ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya sai ta gudanar da wani shiri kan tsarin mulki ranar 17 ga Satumba, in ta faɗo ƙarshen mako ko hutu a yi a makon da ya gabata ko mai zuwa. Sharaɗi ne da aka rataya a wuyan tallafi. Sai dai ba a ware mata ko dala ɗaya ba, ba a kuma fayyace irin shirin ba, shi ya sa wata makarantar lacca guda take yi ta ce ta cika umarni.