Damisar Tasmaniya: ta ƙare ne, ko tana ɓoye a bayan gonaki?

Mai Bin Sawu: Jama'a, ni ban yarda damisar Tasmaniya, dabbar nan mai kama da kare da zane a baya ta tsibirin Tasmaniya a Ostireliya, ta ƙare a 1936 yadda ake cewa ba. Wadda ta mutu a gidan namun daji na Hobart, babban birnin tsibirin, ranar 7 ga Satumba ita ce ta ƙarshe a hannun mutane, ba a daji ba. A 1982 Hans Naarding, ma'aikacin gandun daji, ya ce ya haska wata da tocila cikin dare a arewa maso yammacin tsibirin, har ya ƙirga zane 12 a bayanta. Binciken masanin kimiyya Barry Brook na 2023 ya tattara rahotanni 1,237, ya kuma nuna tana iya kaiwa shekarun 1980.

Likitar Dabbobi: Malam, to ina gawa? Daga 1888 zuwa 1909 gwamnati ta biya lada kan kawuna 2,184, fam ɗaya kan babba, sule goma kan ɗa. Lokacin da take nan, masu kiwon tumaki na kama ta da tarko. Wilf Batty ya harbe ɗaya a gonarsa a Mawbanna a 1930. Yau motoci na take namun daji kowane dare a hanyoyin Tasmaniya, ba a taɓa tsintar ko ɗaya ba. Bayan rahoton Naarding ma, Nick Mooney, masanin namun daji, ya fi shekara yana nema, bai samu komai ba.

Mai Kyamara: Gaskiyarki Likita, amma yawancin masu neman ba su iya kafa kyamara ba. Ana ɗaure ta a gindin itace daidai gwiwa, wajen santimita 40, ba a kafaɗa ba. A fuskantar da ita kudu, don a can rana ta arewa take bi, haskenta na ƙona hoto. A share ciyawar gabanta, in ba haka ba iska za ta cika katin da hoton banza cikin kwana biyu. Batiri na litiyom, don sanyin hunturu na kashe na gama-gari. A kafa ta a karkace da hanyar dabba, gefen shinge ko mashaya, in ba haka ba wutsiya kawai za a samu. Hotunan da Neil Waters, wani mai nemanta, ya fitar a 2021 ma sun zama na fadamelon, ƙaramin ɗan'uwan kangaru, yadda Mooney ya tantance.

Mai Bin Sawu: Sawu fa? Yatsunta kusan a jere suke, tafin ƙafa babba, ba kamar na kare ba. A ajiye ruwla a gefe, a ɗau hoto daga sama tsaye, sannan a zuba siminti na farar ƙasa.

Likitar Dabbobi: Sawu a laka yana buɗewa, na kare da na wombat, wata dabba mai haƙa rami a can, sukan rikiɗe. A babban yankin Ostireliya kuwa, inda ta ɓace shekara sama da 3,000, dila mai ƙazuwa ce ake gani, gashi ya zube, wutsiya ta sandare. Abin da zan karɓa shi ne kashi ko gashi. A ɗauka da safar hannu, a saka a sinadarin ethanol ko a busar da silika mai tsotse danshi, a rubuta wuri da rana, a kai ɗakin gwajin DNA. Kashin da aka ƙulle a leda yana ruɓewa, gwajin ya lalace.

Mai Kyamara: Kuma kafin komai a nemi izinin mai gona. Shi ya san inda ake fasa masa shinge.