Karkata daban, kururutawa daban

Masu sharhi kan kanun labarai suna yawan ambaton kalmomin Ingilishi biyu, "bias" da "sensationalism", mu kuma mukan haɗa su mu kira su son zuciya. Ina ganin wannan haɗin yana cutar da mai karatu, domin cututtuka ne biyu, kowace da maganinta.

Ta farko ina ba da shawarar mu tsayar mata da "karkata". "Ɓangaranci" ta yi kusa, sai dai tana nuna mutumin da ya fito fili ya bi jam'iyya, alhali edita yakan karkata ne a hankali, ta zaɓin kalma ɗaya. A ce gwamna ya biya albashin da aka bi shi wata uku: wata jarida ta rubuta "Gwamna ya share wa ma'aikata hawaye", wata kuma "Sai bayan wata uku gwamna ya biya albashi". Babu wadda ta yi ƙarya, amma kowace ta jingina da gefe guda.

Ta biyun ta fi ba ni wahala. "Ƙarin gishiri" na nufin an sa abin da babu, ga shi kuwa sau da yawa abin ya faru, murya kawai aka ɗaga. "Zuzutawa" da "kambamawa" sun fi zama a bakin mai yabo. Saboda haka na zaɓi "kururutawa", wadda ta fito daga kururuwa, ihun da ke fito da mutane daga gidajensu. Rumfa uku ta ƙone, a rubuta "Gobara ta lashe kasuwa": wannan kururutawa ce, kuma ba jam'iyya take yi wa aiki ba, ciniki take nema.

Karkata da kururutawa sukan haɗu a kan labari ɗaya. Da jirgin ruwan yaƙin Amurka, Maine, ya tarwatse a tashar Havana ta ƙasar Cuba ranar 15 ga Fabrairu 1898, mutum sama da 260 suka mutu, jaridar New York Journal ta William Randolph Hearst ta ɗora laifin a kan abokan gaba, wato Sifaniya mai mulkin Cuba a lokacin, tun ba a gama bincike ba. Gasar ciniki da New York World ta Joseph Pulitzer ita ta kawo kururutawar, goyon bayan yaƙi da Sifaniya kuma shi ne karkatar.

Ina roƙon 'yan'uwa ma'aikatan rediyo su gwada kalmomin nan a iska, mutanen Damagaram da Maraɗi kuma su gaya mana ko "kururutawa" ta zauna daidai a kunnensu.