Me ya sa jijiyar hannu ke warkewa idan ta yanke, amma laka ba ta warkewa?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, kuma mun shiga darasin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a jiki. An koya mana cewa ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suka bazu cikin gaɓoɓi duk da ƙwayar halitta iri ɗaya aka gina su, wato niyuron, tare da wasu ƙwayoyi masu tallafa mata da ake kira giliya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan gilashi ya yanke wa mutum jijiya a wuyan hannu aka ɗinke ta, sau da yawa ji da motsi kan dawo wa yatsunsa bayan watanni, amma wanda lakarsa ta tsinke a hatsarin mota yakan rasa amfanin ƙafafunsa har iyakar rayuwarsa. Tunda ƙwayar ɗaya ce, daga ina wannan bambanci ya samo asali?

Malamin Ilimin Halittu:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a je ga amsa, yana da kyau a daidaita siffar ƙwayar a zuci. Niyuron tana da gangar jiki, inda cibiyarta take kuma inda ake sarrafa yawancin abin da take bukata. Daga gangar akwai gajerun rassa masu karɓar saƙo, su ne dendirait, sannan akwai dogon zare guda ɗaya mai fitar da saƙo, shi ne akson. Ƙarshen zaren ba ya manne da ƙwayar da ke gaba, akwai ɗan gibi tsakaninsu wanda wasu sinadarai ke tsallakawa da saƙon. An daɗe ana jayayya a kan wannan gibi: Camillo Golgi na Italiya, wanda ya gano hanyar rina ƙwayoyin da sinadarin azurfa a 1873, yana ganin jijiyoyi raga ce guda a haɗe, shi kuwa Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya yi amfani da wannan rini ya nuna kowace ƙwaya tana zaman kanta. An raba musu kyautar Nobel a 1906 ba tare da sun daidaita ba, kuma gaskiya tana wajen Cajal.

Ta fuskar aiki niyuron kashi uku ne: masu kawo ji daga fata da sauran gaɓoɓi, masu kai umarnin motsi ga tsoka, da masu haɗa tsakani, waɗanda su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya shafi tambayarki shi ne tsawon akson. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafa gangar jikinta tana can cikin ƙasan laka, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma zarenta yakan kai mita guda. Saboda haka gilashin da ya yanki wuyan hannu zaruruwa kawai ya tsinka, gangar ƙwayoyin suna nan da ransu a nesa da wurin raunin.

Likitan Gashin Ƙashi:

Malam ya share fage, ni kuma zan ɗora daga inda ya tsaya, domin babban kaso na amsar yana wajen giliya ne. Yawancin manyan zaruruwa a naɗe suke da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda ake lulluɓe wayar lantarki da roba, sai dai rufin gaɓa-gaɓa ne, da 'yan guraben da aka bari a buɗe, kuma saƙo yana tsalle ne daga gurbi zuwa gurbi. Zaren da ke da rufi mai kauri yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa, wanda ba shi da shi kuwa da ƙyar yake wuce mita 2. Shi ya sa idan mutum ya yi tuntuɓe yakan fara jin zafi mai kaifi, sai daga baya raɗaɗi ya biyo.

To, giliya masu yin wannan rufi iri biyu ne. A gaɓoɓi ƙwayoyin Shuwan ke yin sa, kowace ɗaya tana naɗe gaɓa guda ta zare guda. A ƙwaƙwalwa da laka kuwa oligodendirosait ke yi, ita kuma ƙwaya ɗaya takan miƙa hannuwa ta naɗe zaruruwa masu yawa. Idan jijiyar hannu ta yanke, ɓangaren da ya rabu da gangar ƙwaya yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki, abin da Augustus Waller ya bayyana tun 1850. Ƙwayoyin Shuwan ba sa mutuwa tare da shi. Sukan canza hali, su hayayyafa, su taimaka wajen kwashe tarkacen, sannan su jeru cikin tsohon bututun jijiyar suna fitar da sinadaran da ke janyo sabon toho. Tohon yana tafiyar kamar milimita 1 a rana, don haka daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ana maganar kimanin wata shida, kuma wannan ne dalilin da muke matsa wa majiyyaci ya riƙa motsa gaɓar, kada ta sandare kafin jijiyar ta iso. Warkewar ma ba kasafai take cika ɗari bisa ɗari ba.

A laka lamarin ya sha bamban. Tarkacen mayelin yakan daɗe ba a kwashe ba, kuma a cikinsa akwai sinadaran da ke tsayar da toho. Sannan wasu giliya masu siffar tauraro, astirosait, sukan taru su yi tabo a wurin. Tabon yana da amfaninsa, domin yana killace ɓarnar kada ta yaɗu, amma zare ba ya iya ratsa shi cikin sauƙi. A 1981 Albert Aguayo da abokin aikinsa a Montreal ta Kanada sun dasa guntun jijiyar ƙafa a lakar ɓeraye, sai ga zaruruwan laka sun toho cikinsa da nisa. Wannan ya nuna muhallin yana da babban tasiri, ko da yake su ma niyuron na laka ƙarfin tohonsu bai kai na gaɓoɓi ba.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:

'Yata, idan kina son ki riƙe wannan darasi, ki dubi cututtuka biyu da muka sani a ƙasarmu. Ƙwayar cutar kuturta ƙwayoyin Shuwan take shiga, musamman a jijiyoyin da ke kusa da fata kamar ta gwiwar hannu, shi ya sa ji ke gushewa, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, raunin ya yi ta cin gaɓar. Idan an fara magani da wuri ana iya ceto jijiyar, kuma kyauta ake ba da shi. Shan inna kuwa gangar ƙwayoyin motsi take kashewa a cikin laka, ta bar masu kawo ji, don haka za ki ga ƙafa ta shanye amma yaron yana jin taɓawa. Niyuron da ta mutu ba ta da madadi, domin ba ta rabuwa ta haifi wata. Ɗan sauƙin da ake gani daga baya yana zuwa ne daga ƙwayoyin da suka tsira, waɗanda ke fitar da sababbin rassa su ɗauki tsokar da ta rasa mai ba ta umarni.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya: littafinmu ya ce giliya sun ninka niyuron sau goma. Haka ne?

Malamin Ilimin Halittu:

Wannan adadi ya daɗe yana yawo a littattafai, amma ƙidaya ba ta tabbatar da shi ba. Suzana Herculano-Houzel ta Brazil da abokan aikinta sun wallafa a 2009 cewa ƙwaƙwalwar babban mutum tana da niyuron kimanin biliyan 86, sauran ƙwayoyin kuma adadinsu kusan daidai yake da wannan. Ki ƙara iri biyu na giliya a kan waɗanda Likita ya ambata: maikurogiliya, masu aikin garkuwa da kwashe matattun ƙwayoyi, da ƙwayoyin efendima da ke shimfiɗe a bangon kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana. Kuma tunda giliya suna iya rabuwa, yawancin mugun ciwon dajin da ke farawa a cikin ƙwaƙwalwar manya daga dangin giliya yake tasowa.