Semi-automatic da Hausa: na tsaya a kan "mai ɗana kanta"

Assalamu alaikum jama'a. Wani ƙanenmu mai aikin fassara ya jefo tambaya a nan: an ba shi rubutu a kan Amurkawan da ke tara tsofaffin bindigogin soja, suna harbin nishaɗi da su a filin gwaji, ana muhawarar wacce ta fi tsakanin M1 Garand da SKS. Duk rubutun ya rataya a kan kalma ɗaya, semi-automatic, shi kuma abin da ya saba ji a rediyo shi ne "bindiga mai sarrafa kanta". Ya ce ko ya sa hakan? Ƙanena, kada ka sa. Bari in faɗi dalili, sannan in kawo abin da nake ganin ya dace, masana su gyara.

Mu fara da aikin bindigar, domin Bahaushe da aiki yake raɗa wa makami suna. Harbi-ka-ruga ta samu sunanta daga halin da maharbi ke shiga bayan ya saki harbinsa guda. Mai jigida ta samu nata daga jerin harsasan da take ja. Mai baki biyu kuwa kowa na gani da ido. To ita wannan me take yi?

Ɗauki Garand. John Garand, haifaffen Kanada, shi ya ƙera ta a ma'aikatar makamai ta Springfield, sojojin Amurka suka karɓe ta a 1936. Akwai 'yar huda kusa da bakin bututunta. In harsashi ya wuce, wani kaso na iskar albarushin sai ya bi ta hudar nan ya tura wata sandar ƙarfe baya. Sandar ta buɗe bindigar, ta wurgar da kwanson da aka harba, ta mayar da abin dukan gindin harsashi mazauninsa, sifirin ya dawo da komai gaba tare da sabon harsashi. Daga nan sai ta tsaya. Ko ka kwana riƙe da kunama ba za ta ƙara tashi ba, sai ka saki ka sake ja. Wannan tsayawar ita ce dukan bambancin, kuma ita ce "mai sarrafa kanta" ke haɗiyewa. Wanda ya ji an ce bindiga tana sarrafa kanta, abin da zai zo masa a rai shi ne wadda ake danne kunamarta ta yi ta zuba har gidan harsashi ya ƙare.

Ba ƙaramin abu ba ne, domin dokokin ƙasashe a kan wannan layin suka rabu. A Amurka tun 1934 aka sa wa masu zuba ba tsayawa rajista da haraji na musamman, a 1986 kuma aka rufe yi wa farar hula rajistar sababbi, alhali Garand wata hukuma mai suna Civilian Marksmanship Program tana sayar da ita ga 'yan ƙasa da suka cika sharuɗɗa. Birtaniya ta hana manyan bindigogi irin su Garand ɗin kansu a 1988, bayan kisan jama'a da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford a 1987. Ostireliya ta bi sahu a 1996 bayan irin wannan kisan a garin Port Arthur. Mai fassara labarin ɗaya daga cikin waɗannan, in kalma ɗaya gare shi ga nau'i biyu, ya sauya wa mai sauraro abin da aka hana da abin da aka bari.

Yanzu shawarwarin fassara da 'yan uwa suka kawo a wannan zaren.

"Rabin mai sarrafa kanta" ba sai mun daɗe a kanta ba. Bindiga ba ta rabuwa biyu, kuma wanda bai san Turancin ba ba zai gane komai ba.

Malama, taki ta "mai harbi ɗai-ɗai" ta fi kusa, kuma tana da daɗin faɗa. Matsalarta ita ce ta haɗa da waɗanda ba su cikin dangin. Lee-Enfield mai harsashi .303, wadda tsofaffin 'yan sandanmu suka sani da Mak 4, ita ma ɗai-ɗai take harbi, amma bayan kowane harbi sai ka ɗaga mariƙi ka ja baya ka tura gaba da hannunka. Ita ma ta mafarauta mai cin albarushi ta baki ɗai-ɗai take yi. Sunan ya faɗi gaskiya amma bai ware ta ba.

Baba tsohon soja, Allah ya ƙara lafiya, shi ya kawo "mai ɗura wa kanta", kuma hujjarsa tana da ƙarfi ƙwarai. Su ma masu bindigogin haka suka kira su. Harafin farko na SKS daga kalmar Rashanci samozaryadny yake, wato mai sa wa kanta harsashi. Birtaniya da ta ɗauki samfurin FN FAL ta Beljiyam a shekarun 1950, ta cire mata zuba ba tsayawa, ta kira ta Self-Loading Rifle, wato SLR da tsofaffin sojoji ke ambata. Na yarda da hanyar, Baba. Inda na ja baya wuri biyu ne. Ɗura a kunnen Bahaushe zuba abu ne ta baki, kamar yadda ake ɗura albarushi a bindigar gargajiya, ga shi kuwa wannan mutum ne ke cika mata gidan harsashi da hannunsa. Na biyu, duk kalmar da ta shiga gari sai an gajarta ta an mai da ita suna, kuma da yawanmu ba ma rubuta ɗ mai lanƙwasa a waya. Manya sun gane abin da zai fito a rubuce, ba sai na faɗa ba.

Shi ya sa na koma kan ɗana. Ana ɗana tarko, ana ɗana kibiya a tsirkiya, ana ɗana bindiga. A duk ukun ma'anar ɗaya ce: an shirya abu tsaf ya tsaya yana jiran a taɓa shi. Abin da aka ɗana bai tashi ba tukuna. Wannan jiran shi ne ainihin abin da muke nema, kuma yana cikin kalmar tun asali, ba mu muka cusa shi ba. Bindiga mai ɗana kanta: ita ke ɗanawa, kai ke harbawa.

An ce ai mai zuba ba tsayawa ita ma tana ɗana kanta. Haka ne a cikin ƙarfe, amma ba ta jira, don haka sunanta ya fito daga abin da ta fi shahara da shi. Ni zan kira ta mai ɓarin wuta, maganar da 'yan jarida suka riga suka saba da ita. Irin su Mak 4 kuma a ce wadda ake ɗanawa da hannu.

Ƙanena, ga yadda zancen masu tara bindigogin zai zauna da wannan kalma, ka ji ko tana ɗaukar kaya.

A cikin tsofaffin bindigogi masu ɗana kansu, Garand ce mai son tarihi ke fara nema. Ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya, an ƙera sama da miliyan 5, tana cin harsashi 8 na .30-06 a cikin wani maƙalin ƙarfe da ake turawa gaba ɗaya ta sama. In na ƙarshe ya tashi sai maƙalin ya yi tsalle waje da wata ƙara siririya da masu ita ke ƙauna. Tana da nauyi, ta haura kilo 4, kuma in sabon shiga bai janye babban yatsansa da sauri ba wajen sa maƙalin, ƙarfe zai datse shi. Masu ita suna kuma kaffa-kaffa da harsasan farauta na zamani, domin ƙarfinsu na iya lanƙwasa sandar nan da na ambata.

SKS ta Sergei Simonov, wadda Tarayyar Sobiyat ta karɓa a 1949, ita ce ta mai son ya yi harbi da yawa ba tare da aljihu ya koka ba. Harsashi 10 take ci, irin na AK-47, wato 7.62x39, gidan harsashinta a manne yake, ga wuƙa mai naɗewa a ƙarƙashin baki. Sin ta ƙera ta da yawa da sunan Type 56, Yugoslabiya ma ta yi nata samfurin. A farkon shekarun 1990 ana samun ta Sin a Amurka ƙasa da dala 100, kafin a hana shigo da su a 1994. A nan kalmarmu ta nuna amfaninta: in tsohon man ajiya ya daskare a kan allurar da ke dukan harsashi, SKS na iya tashi da kanta ba a ja kunama ba, har ta jera harbi. Da Hausa sai a ce mai ɗana kanta ta koma ɓarin wuta saboda lalacewa, kowa ya gane haɗarin. Gwada faɗar wannan da "mai sarrafa kanta" ka ga inda za ka maƙale.

M1 Carbine, wata bindigar sojojin Amurka, ƙarama ce, ba ta kai kilo 3 ba, harsashi 15, ba ta dukan kafaɗa sosai. FN-49 ta Dieudonné Saive, maƙerin bindigogi ɗan Beljiyam, kuwa ta masu neman abin da ba kowa ke da shi ba ce, kuma Masar na cikin manyan waɗanda suka saye ta. In da ni ake tambaya, mai tarawa ya fara da Garand wadda sassanta na asali ne, mai harbin nishaɗi ya fara da SKS, ya kuma wanke bututu duk ranar da ya harba tsofaffin harsasan soja, domin gishirin da ke cikinsu na jawo tsatsa.

Garand tana da dangantaka da mu ta wata hanya. Kamfanin Beretta na Italiya ya gyara ta ya fitar da BM59, kuma masana'antar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964 ta ƙera BM59 ɗin. Amma kada wani ya karanta wannan zaren ya ɗauka sha'awar Amurkawa za ta yiwu a nan yadda take a can. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashi 7.62 da .303 cikin haramtattu, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mu kalmar muke buƙata, don labarai da fassara da shari'a.

Saura guda ban warware ba. AK-47 ta soja tana da maɓalli a gefen dama: sama a kulle, tsakiya ɓarin wuta, ƙasa harbi ɗaya duk jan kunama. G3, bindigar soja ƙirar Jamus, ita ma tana yin duka biyun. Na so in ce mai hali biyu, sai dai hakan a Hausa ya yi kama da zargin munafunci. Baba, ku da kuka riƙe su a bariki, me kuke ce wa maɓallin nan in kuna magana da Hausa a tsakaninku?