Masu ƙwacen waya: hali ne, yunwa ce, ko zama da miyagu?

Alhaji Garba: Ni maganata ɗaya ce a kan yaran nan masu ƙwacen waya a Kano. Abin a jininsu yake, ba su gyaruwa. Tun 2023 gwamnati ta ce za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, hukuncin fashi da makami kuwa kisa ne. A kashe biyar a bainar jama'a, ku gani in ba a daina ba.

Malama Hadiza: Ranka ya daɗe, wannan batu na jini an yi shi an gama tuntuni. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya bi fursunoni yana auna musu ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwa, ya ce da siffa ake gane wanda aka haifa mai laifi. A 1913 Charles Goring, likitan gidan yari a Ingila, ya fitar da sakamakon awon fursunoni wajen 3,000 da ya kwatanta da sojoji da ɗalibai, bai ga wata siffa ta ɓarayi ba. Kuma in har jini ne, Alhaji, ai ka wanke su ke nan. Wa ake hukuntawa a kan abin da bai zaɓa ba?

Alhaji Garba: Ni ban ce a auna kan kowa ba, Malama.

Nura: Baba, da izininka. Talauci ne. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana shi a 1938: al'umma ta nuna wa kowa abin da ake kira nasara, sannan ta toshe wa wasu hanyar halal ta kai wa gare shi. Yaro ya gama sakandare ba sana'a, kullum yana kallon sa'o'insa a TikTok da iPhone. Me ake so ya yi?

Hajiya Rabi: Kai Nura, kar ka zagi talakawa. Ga 'yan dako nan a Kantin Kwari, ga 'yan ga-ruwa, tun asuba suke fama, ka ba su ajiya su kawo maka ba ko tsinke da ya ɓata. Su ba su san waya ba ne? Kuma masu wawure biliyoyi a ofis yunwar me suke ji? Yawancin yaran nan in sun sayar da wayar ba garin tuwo suke saya ba, ƙwaya ce.

Malama Hadiza: Hajiya kin zo inda masanin laifuka Edwin Sutherland ya tsaya. Shi ne a 1939 ya fito da zancen laifin manya masu zaman ofis, don ya nuna talauci kaɗai bai isa bayani ba. A ganinsa laifi koyonsa ake yi a wajen abokan zama, dabarar da kuma hujjar da za ka lallashi zuciyarka da ita. Zama da maɗaukin kanwa dai. Yaron daba ba da wuƙa yake farawa ba, da aike yake farawa. Shi ya sa nake jin tsoron a ɗauki ɗan shekara 17 da ya zari waya a aljihu a zuba shi ɗaki ɗaya da 'yan fashi a gidan yarin Kurmawa. Makaranta aka kai shi.

Barista Usman: Alhaji, abin da kake nema an gwada shi a ƙasar nan. A 1971 an harbe ƙasurgumin ɗan fashi Oyenusi a Bar Beach a Legas, jama'a cike suna kallo. A 1987 an harbe wani ɗan fashin, Anini, a Benin. Fashi ya ƙare? Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya ce tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana laifi. Mai ƙwace ba ya tunanin igiya, lissafinsa shi ne ba wanda zai kai ƙara, in an kai ma wani babba zai yi waya a sake shi. Ga mutane sama da 3,000 da aka yanke wa kisa suna zaune, gwamnoni ba sa sa hannu. Ga kusan kashi biyu cikin uku na mutanen gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. A ƙara tsanani a takarda alhali ba a gama shari'a, me aka yi?

Alhaji Garba: To a sake su su riƙa share titi ke nan, ko Barista?

Barista Usman: A'a ranka ya daɗe. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda da jingine hukunci da aikin al'umma, amma ta cire wanda ya yi amfani da makami. Mai wuƙa ba ya ciki. Mai sane a kasuwa, karon farko, shi ake magana.

Malam Isa: Na yi shiru ne ina saurare. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar fari, shekara ta 18 bayan Hijira. Kuma a Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin yanke hannu, sai ya ce wa ubangidansu yana ganin da yunwa yake barin su. Mai raƙuma ya ce ya ƙi sayar da ita a kan dirhami 400, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Hukuncin ya koma kan wanda ya jawo dalilin. To amma Nura, kar ka yi murna. Yunwa ce aka tabbatar a kan waɗannan mutane takamaimai, ba a ce duk bawa ya je ya yi sata ba. Kuma tare mutum da makami hiraba ce, ba sata ba. A mazhabar Malikiyya shugaba na da zaɓi a cikin hukunce-hukuncen aya ta 33 ta Suratul Ma'ida gwargwadon haɗarin mutumin, sai fa in ya yi kisa, a nan babu zaɓi.

Nura: Allah ya gafarta Malam, to a namu zamanin wane ne ubangidan da zai biya 800 ɗin?

Hajiya Rabi: Uban da ya haifa ya watsar, da ɗan siyasar da ya ba su wuƙa da ƙwaya lokacin kamfe. Da mai sayen wayar. Barista, shi ba doka a kansa?

Barista Usman: Akwai, Hajiya. Karɓar kayan sata da sani laifi ne mai ɗauri a kundin laifuka na Arewa. Shi ne ma ya fi sauƙin kamawa, tunda shago gare shi, ba ya gudu.

Alhaji Garba: Ku kama dillalin, ban hana ba. Amma wanda ya kashe, ni ba ruwana da ko ya ci abincin dare. Malam ma ya ce babu zaɓi.

Malam Isa: Bayan shaidu da alƙali, Alhaji. Ba taron unguwa da taya da fetur ba.